Likita ya ce a cire cikin mai ɗakina: in na sa hannu, kisan kai na yi?

Baban Nana, Mabera:

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na kawo maganar nan, ko Allah zai sa a samu wanda ya san abin da ban sani ba. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Shadda da yadi nake sayarwa a Babbar Kasuwar Sakkwato. Shekararmu goma sha ɗaya da aure da mai ɗakina, ɗiyanmu huɗu. Haihuwar ta huɗun, wata goma sha huɗu da sunka wuce, ita ta zo muna da jarrabawa. An yi suna lafiya, ana cikin wankan jego sai ƙafafunta sunka fara kumburi, munka ce ai na jego ne. Daga nan sai tari, daga nan ba ta iya kwanciya sai ta jera matasai uku ta jingina. Wata rana na fito alwalar asuba na iske ta zaune bakin ƙofar ɗaki, ta dafa gwiwoyi tana jan numfashi kamar wadda ta sheƙo da gudu daga Kwannawa, jaririya na kuka a kan gado ta kasa tashi ta ɗauke ta. Ranar munka tafi asibiti. Kwananta goma sha tara a kwance.

An yi mata hoton zuciya, wanda suke kira eko. Likita ya ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi, ƙarfin turo jininta 22 ne cikin 100, alhali na mai lafiya ya kan haura 50. Ya ce ciwo ne da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma yana da yawa a ƙasarmu ta nan. Ya dube ni, ni da ita muna zaune, ya ce kada a sake ɗaukar ciki sai zuciyar ta koma daidai, in ma ta koma. Munka fara allurar tazara ta wata uku.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. Lokacin allura ya yi ina shirin tafiya Kantin Kwari sarin kayan salla. Sau biyu tana tuna mini, ina cewa bari in dawo. Da na dawo kasuwa ta buɗe, na manta. Ita kuma ba ta fita sai da ni ko da izinina, kuma ta san Inna, mahaifiyata, ba ta son zancen allurar tun farko, sai ta yi shiru.

Ranar Litinin munka je awo. Ciki sati tara da kwana uku. An maimaita eko, ƙarfin zuciyar ya hau zuwa 31 kawai. Likitan zuciya da likitar mata sunka zaunar da mu, sunka ce shawararsu a cire cikin yanzu, domin in ya girma zuciyar ba za ta iya ɗaukar nauyin ba, ana iya rasa ta, a rasa abin da ke cikin. Sunka ce mu je mu yi shawara, amma kada mu daɗe.

Abin da ya hana ni barci shi ne abin da na gani a sikanin. Wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa cikin duhun allon, mai hoton ta nuna da yatsa ta ce zuciyarsa ce. Na tsaya ina kallo har ta kashe na'urar. Yanzu ko ina auna yadi sai in gan shi.

Inna ta ce, "Wanda yab ba da cikin shi ka sauke ta lahiya. Likita Allah na?" Surukata kuwa da ta ji sai ta fashe da kuka ta ce ita ɗiyarta take so. Ba tsoron talauci ke damuna ba. Ko a gobarar kasuwa ta 2021 da na wayi gari ba ni da ko ƙyalle, ban taɓa tunanin ɗa nauyi ba ne, na san ayar da ta hana kashe ɗiya don tsoron talauci.

Tambayata ga malamai da masana lafiya: wanga abin da ke cikinta yanzu, mutum ne? In na sa hannu, na kashe rai? In kuma na ƙi, ta mutu, jininta yana wuyana?

Almajirin zaure, Kanwuri:

Wa alaikumus salam. Allah ya yaye muku, Baban Nana. Ni ba mufti ba ne, almajiri ne da ya daɗe gaban malamai, don haka abin da zan rubuta ka ɗauke shi guzurin zuwa wurin malami, ka zauna da shi da takardun asibitin a hannunka.

Maganarka ta farko tana da amsa a hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, na huɗu cikin Arba'una, wanda ko yaran Islamiyya sun haddace. Ana tara halittar mutum cikin mahaifiyarsa kwana arba'in yana maniyyi, sannan gudan jini kamar haka, sannan tsoka kamar haka, sa'annan a aiko mala'ika ya busa masa rai. Jumhurun malamai daga nan sunka ɗauki kwana 120. Suratul Muminun ma ta jero matakan, har ta kai inda Allah ya ce sa'annan ya mayar da shi wata halitta daban, kuma da yawa daga masu tafsiri sun fassara wannan da busa rai. Bisa wannan fahimta, bugun zuciyar da ka gani rayuwa ce ta tsiro da girma, amma ruhin da ke sa a kira shi nafsu, wanda kashe shi kisan kai ne, bai riga ya shiga ba.

Sai dai kada ka ji haka ka ce to ba komi ba ne. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ta fi kowa tsanani a nan. Shehu Dardir a sharhinsa na Muhtasar ya ce bai halatta a fitar da abin da ya riga ya zauna cikin mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba, in kuwa an busa rai to haramun ne da ijma'i. Cikin malaman Malikiyya, Lakhmi shi ne ya sassauta kafin arba'in. Hanabila da yawa sun yarda kafin arba'in, wasu Hanafawa sun kai har kwana 120 in akwai uzuri. Gazali, shi Bashafi'e, ya ce laifin mataki-mataki ne: yana farawa tun ruwa ya zauna a mahaifa, ya ƙaru in ya zama gudan jini da tsoka, ya ƙara muni in an busa rai, ya kai maƙura bayan an haife shi da rai.

Ka duba yadda fiƙihunmu ya auna shi da kansa. A Risala, wanda ya bugi mace ta zubar da ciki, abin da ke kansa gurra ce, ƙimar dinari 50 ko dirhami 600, wato kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. Da ba komi ba ne, da ba a ɗora ko dirhami ba. Da kuwa daidai yake da uwarsa, da diyya cikakkiya aka ɗora. Haka a babin idda: malamanmu sun ce mace tana fita idda da zubar da gudan jini, har sunka faɗi yadda ake gane shi, a zuba masa ruwan zafi, in bai narke ba to ciki ne. Kenan shari'a ta san da shi tun yana gudan jini, ta ba shi alfarma, amma ba ta ɗora shi kan sikeli ɗaya da wadda ke ɗauke da shi ba.

Duk wancan tsananin na Dardir kuwa a kan wanda ba ya da lalura ne. Naku babin daban ne, babin haɗuwar cuta biyu, inda ƙa'ida ta ce a ɗauki mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. Uwa ita ce asali, rayuwarta tabbatacciya ce, tana da miji da ɗiya huɗu da haƙƙoƙi a kanta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 1990, ta ce ko bayan kwana 120 ana iya cire ciki in amintattun likitoci ƙwararru sun tabbatar barinsa haɗari ne ga ran uwa. To ina ga wanda bai kai nan ba?

Sharaɗin shi ne haɗarin ya zama na gaske, daga bakin masana abin, kuma ya fi kyau su zama fiye da ɗaya. Maganar Inna kuwa, a girmama ta, gaskiya ta faɗa cewa likita ba Allah ba ne. Amma tambayar masana umurnin Allah ne, kuma Sayyidina Umar da ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, cewa ya yi daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Abu Huzaifa, Runjin Sambo:

Allah ya gafarta Malam, ina da ja a wuri biyu, kuma ba don in ƙara wa ɗan'uwanmu nauyi ba.

Na farko, kwana 120 ɗin nan ba shi kaɗai ne a hadisi ba. A Sahihu Muslim akwai hadisin Huzaifa ɗan Asid, cewa in maniyyi ya kwana arba'in da biyu Allah yana aiko mala'ika ya suranta shi, ya halicci jinsa da ganinsa da fatarsa da namansa da ƙashinsa. Akwai malaman da suka fahimci cewa duka matakan nan uku cikin arba'in ɗin farko suke, kuma abin da na'ura ke nunawa yau ya fi kusa da wannan. Cikin matar Baban Nana ya wuce nan. Allah da kansa ya ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, ba a ba mu ilmi ba sai kaɗan. In akwai yiwuwar an riga an busa ran, da wane ƙarfin hali za mu ce ba a busa ba?

Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne, ɗigon nan da ya gani, ni ma na taɓa zama shi, Malam ma haka. Ba wani abu ne daban aka ɗauke aka sa mu a gurbinsa ba, mu ɗin ne muna ƙanana. Matar nan Bagamidiya da ta zo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cikin zina, mayar da ita ya yi sai ta haihu, sannan sai ta yaye. Ko cikin da aka samu ta wannan hanya an kiyaye masa haƙƙinsa.

Na biyu, maganar likita zato ce mai ƙarfi, ba yaƙini ba. Gwaggona an ce mata in ta sake haihuwa za ta mutu, ta haifi uku bayan nan, tana nan Gwadabawa da ranta. Kuma ina tsoron ƙofar nan in ta buɗe. Amurka ta halatta abin a 1973, suka yi kusan shekara hamsin suna rigima har kotun ƙolinsu ta warware hukuncin a 2022. Yau a ce zuciya, gobe a ce karatu, jibi a ce kunya.

Ban ce matarka ta mutu ba, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye. Na ce kada ka sa hannu sai wani likitan zuciya daban, wanda bai san na farko ba, ya duba ta, kuma ka tambaye shi kai tsaye ko akwai hanyar da za a raini cikin a asibiti har ya kai inda ɗan zai rayu.

Ungozoma, Arkilla:

Shekarata ashirin da biyu a ɗakin haihuwa. Bari in fara da lissafi, don na ga ana haɗa kwanakin malamai da satuttukan asibiti kamar abu ɗaya ne. Mu daga ranar farko ta al'adar ƙarshe muke ƙirga, wato kusan sati biyu kafin cikin ya shiga. Sati tara da kwana uku namu kwana 66 ne, ka cire 14, saura 52. Don haka Abu Huzaifa ya yi daidai, ya wuce arba'in da biyu. Kwana 120 na hadisi kuwa yana faɗawa wajen sati goma sha tara a katin awo, kuma kusan lokacin ne mata ke fara jin motsi. A yanzu tsawonsa bai fi ƙwallon dabino ba, amma yatsu sun fara fitowa. Ba zan ce maka jini ne kawai ba, don na sha riƙe irinsa a tafin hannuna.

Yanzu zuciyar. Ciwon nan mun san shi a Sakkwato fiye da yadda muke so. Wani bincike da aka yi a nan garin, aka buga a 2007, ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Abin da ya sa likitocinku suka tsorata shi ne, jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ya fi yawa a wata na bakwai zuwa takwas, sannan ga naƙuda, sannan ga kwanakin farko bayan haihuwa da ruwan jiki ke komowa cikin jijiyoyi gaba ɗaya. Zuciya mai lafiya tana ɗauka. Wadda ke kan 31 tana fama ne da jikin mutum ɗaya ma. A ƙa'idar likitocin zuciya, macen da ta yi wannan ciwo kuma zuciyarta ba ta koma daidai ba tana cikin rukunin da ake cewa kada ta ɗauki ciki sam. Ga kuma magani: irin su lisinopril da ke taimakon zuciyar suna lalata ƙodar ɗan tayi, dole a tsayar da su in za a bar cikin. Ka ga an ƙara mata kaya, an kuma karɓe mata sanda.

Ƙanena Abu Huzaifa, na yi murna da gwaggonka, Allah ya ƙara mata lafiya. Gaskiya ne ba kowace ke mutuwa ba, kuma ba likitan da zai rantse maka. Amma waɗanda suka rayu su ne ke zama a tsakar gida su ba da labari. Sauran mu muke rufe musu ido. Akwai wadda ba na mantawa, 'yar shekara ashirin da shida daga wani ƙauye ta hanyar Wurno, irin wannan ciwo, dangin miji suka ce a bar wa Allah. Aka dawo da ita a wata na bakwai cikin a-kori-kura, a zaune, don ba ta iya kwanciya, kumfa mai ja-ja na fita a bakinta. Ta riƙe mini hannu tana cewa in buɗe taga, alhali tagogin a buɗe suke. An ciro yaron, ya yi kwana biyu. Ita ko la'asar ba ta kai ba.

Shawararka ta ganin likita na biyu kuwa na goyi baya ɗari bisa ɗari, amma cikin satin nan. Cirewa a sati goma aiki ne ƙarami. A sati goma sha takwas ya zama babba, ga zubar jini, ga zuciya mai rauni.

Ta fuskar doka kada ka ji tsoro. Dokar Najeriya ta haramta zubar da ciki, hukuncin yana kaiwa shekara 14, amma ta keɓe wanda aka yi don ceton ran uwa, kuma naku shi ne wannan. A yi shi a asibitin da likitan zuciyarta yake. Ina roƙonka da girman Allah kada wani ya ce muku ga ƙwaya a kemis ko ga jiƙo, a yi a gida a rufa asiri. Mai lafiya ma muna karɓarta da ruɓaɓɓiyar mahaifa bayan irin wannan, balle ita. In an gama, kafin ku bar asibiti, ku zaɓi tazarar da ba ta jiran tunawar kowa, irin ashanar hannu ko robar mahaifa, duk wadda likitanta ya ga ta dace.

Maman Biyu, Minannata:

Baban Nana, na karanta naka sau biyu. Na ji abin da Inna ta ce, na ji na surukarka, na ji na likita. Ita mai cikin fa, mi ta ce? Ba ka faɗa muna ba. Ko ba ka tambaye ta ba?

Ni an cire mini, shekara bakwai ke nan, ciwon ƙoda da hawan jini. Sati goma sha ɗaya. Maigidana da yayyena sunka yi ta shawara a zaure kwana uku, ni ina ɗaki ina jin tashin muryoyinsu, ba wanda ya leƙo ya ce ke mi kike gani. Da sunka gama aka ce in shirya. Hukuncin da sunka yanke shi ne wanda da ni ma zan yanke, amma har gobe abin na ci mini rai, don an yi shi a kaina kamar ba ni nan.

Maƙwabta ɓari aka ce musu. Wasu sunka zo sannu suna cewa ai ba komi, tun bai zama mutum ba, Allah ya kawo wani. Wallahi wannan kalma ta fi aikin ciwo. Ni na san ranar da ya kamata in haihu, cikin watan Rajab. Duk shekara in ya kama sai in ce da yanzu ya shiga aji kaza. Ban yi nadama ba, ga ni ina raino biyun da Allah ya bar mini, na kai su makaranta da ƙafata. Amma ɗana ne, kuma ina roƙon Allah ya haɗa ni da shi.

Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka ba yara kuɗin ƙosai su fita. Kada ka fara da faɗa mata abin da malamai sunka ce. Ka tambaye ta, sa'annan ka yi shiru, ko za ta yi awa ɗaya tana kuka. Kuma zancen allurar nan da ka faɗa muna, ita ya kamata ta ji shi daga bakinka.

Baban Nana, Mabera:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Kwana shida ban leƙo ba.

Maman Biyu, kin faɗi gaskiya, ban tambaye ta ba. Na ɗauka ina kare ta ne daga nauyin. Daren da na karanta naki na yi yadda kika ce. Na fara da neman gafararta kan allurar. Ta daɗe ba ta ce komi ba, sannan ta ce tun ranar Litinin ɗin take son magana, amma tana tsoron ni da Inna mu ce ba ta da tawakkali, ko a ce ta fi son ranta da ɗanta. Sai ta jawo akwatin ƙarƙashin gado ta buɗe. Ta ninke kayan yaran kowa da nasa, ta rubuta suna a takarda ta ɗora bisa. Ashe kwanakin nan da nake ganin tana tsayar da Nana a madafa, yarinya 'yar shekara goma, tana nuna mata yadda ake dama kunun ƙaramar da awon gishirin miya, shiri take yi. Ta riga ta ɗauka za a bar cikin kuma ba za ta tashi ba. Ban san lokacin da na zauna ƙasa ba.

Abu Huzaifa, na bi shawararka. Mun ga wani likitan zuciya daban, ya sake eko da kansa, ya samu kusan abu ɗaya. Na yi masa tambayarka yadda ka faɗa. Ya ce ana iya gwadawa in ita ta zaɓi haka da saninta, za su yi iya ƙoƙarinsu, amma in 'yar'uwarsa ce ba zai ba ta wannan shawara ba. Mun kuma je wurin malaminmu na unguwa da takardun, ita ma ta je, ta yi tambayoyinta da bakinta. Maganarsa ba ta saɓa da ta Almajirin zaure ba. Ta yi istihara kwana uku, jiya bayan asuba ta ce mini a yi. Hujjarka ta arba'in da biyu ba ta bar zuciyata ba, kuma ban ce ta bari ba. Da ita zan shiga asibitin.

Inna ba ta ce ta yarda ba. Na kai ta ta ga likitar da kanta, ta saurara har ƙarshe, ba ta ce uffan ba har munka iso gida. Da dare ta aiko ƙanwata ta ce yaran su koma wurinta daga Laraba, kuma ita za ta kwana da mai ɗakina a asibiti.

Alhamis ne in Allah ya kai mu. Malam, saura tambaya ɗaya, ita ta ce in yi. Abin da za a ciro, yaya za mu yi da shi? Ana yi masa salla? Tana son ta sa masa suna, kuma ba ta son a bar shi a asibiti.

Almajirin zaure, Kanwuri:

Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Ku gaya wa ma'aikatan tun kafin a shiga cewa kuna son a ba ku shi. A mazhabarmu ba a yi wa wanda bai yi kukan haihuwa ba salla, ba a yi masa wankan gawa. Ana wanke jinin, a naɗe shi cikin ƙyalle mai tsabta, a rufe. Risala ta karhanta rufe ɓari a cikin gida, duk da na san an saba yin haka bayan ɗaki, don haka ka kai shi maƙabarta, masu haƙa sun san wurin da suke sa irinsu. Suna kuwa, malamanmu sun karhanta, wasu malaman na wasu mazhabobi sun so a sa. Karhanci ne, ba haramci ba. In ta kira shi da wani suna tsakaninta da Ubangijinta, kada ka hana ta. Ƙyallen, ka yanko fari daga shagonka, rabin yadi ya isa.